Muna Nan Dai

Layin dogon da ya taso daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, a Nguru ya ƙare. Wajen 1930 ya iso, kuma tun daga nan ba a ƙara masa ko taku ɗaya zuwa gabas ba. Gyaɗa ce ta jawo shi, da fatu da ƙiraga, da shanu da ƙaro. Garin ya girme wa jirgin nesa ba kusa ba, don nan ne mazaunin Galadiman Borno mai tsaron yammacin daular, tun Bature bai san hanya ba. Amma jirgin ya zo da irin mutanen da garin bai saba gani ba: direbobi da makanikai, akawun kamfanonin sayen gyaɗa, masu awo a sikeli, teloli, kafintoci. Da yawansu Kiristoci ne daga Kudu. Kowa ya sauka da akwatin ƙarfe ɗaya da niyyar ya yi shekara biyu ya koma. A 1966 jirgin da ya kawo su shi ya kwashe da yawansu cikin firgici, bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 wasu suka dawo suka sake buɗe shago. Jirgin ya daɗe da daina zama abin dogaro, tireloli sun karɓe masa aiki, amma jikokin wasu daga cikin fasinjojinsa har yau suna gari.

In ka bar Nguru ka nufi gabas ta Jajimaji, za ka faɗa Gashuwa, fadar Mai Bade, a bakin Kogin Yobe. Nan ma labarin bai canja sosai ba. Kirista a wannan yanki galibi mutum ne da takarda ta kawo: malamin makaranta, ɗan sanda, ma'aikaciyar jinya, ɗan hidimar ƙasa, ganduroba. Akwai lokacin da a Legas in aka ce Gashuwa, nesa da horo ake nufi, don a gidan yarin garin gwamnatin soja ta tsare lauya Gani Fawehinmi a 1989, kuma ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa nan yakan fara tambayar kansa wa ya ɓata wa rai. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, sai aka ƙara samun malamai da ɗalibai masu zuwa da tafiya bisa kalandar zango.

Ba duka Kiristocin ne baƙi ba, kuma in ka yi kuskuren faɗin haka a gaban Bakarkare ko Bangizime ko ɗan Ngamo daga wajen Potiskum, Gadaka ko Kukar Gadu, za ka sha kallo. Su 'yan Yobe ne gaba da baya, kakanninsu a nan aka binne su. Sannan ga Bura da Margi daga kudancin Borno, waɗanda suka zo aiki lokacin duk yankin jiha ɗaya ne. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Yobe daga Borno. Malamin da ya zo daga Biyu ya kwanta a jiharsa, ya tashi a jihar wasu, bai ɗaga ko tabarmarsa ba.

Cocin da aka gina da irin waɗannan mutane, ta wani fannin, kamar tashar mota yake. Da wuya wata uku su wuce ba a yi bikin sallamar wani ba. Bayan baiko, sakatare zai miƙe ya ce ɗan'uwa wane da iyalinsa an yi musu canji zuwa Gombe ko Lafiya, su fito gaba. Su fito su durƙusa, dattawa su ɗora musu hannu, Zumuntar Mata su miƙa wa matar turmin atamfa da kular abinci an naɗe da takarda mai sheƙi, matasa su ba mijin agogon bango an rubuta sunan ikilisiya a jiki. A yi hoto. Abin da ba a faɗi a bagade shi ne, mutumin nan shi ne ma'aji, matarsa ce mai ba da waƙa, ɗansu na fari shi kaɗai ya iya kunna janareta. Ran Lahadi mai zuwa dole a sami wani. Kuma akan samu. Wata da ba ta taɓa riƙe makirfo ba za ta tsinci kanta tana ba da waƙa da rawar murya, mata su amsa mata da ƙarfi don su rufe mata asiri.

A irin wannan wuri ne na fi jin masu wa'azi suna maimaita kalma ɗaya: tsayawa. Ku tsaya da ƙarfi, ku tsaya daram, kada ku jijjigu. Na daɗe ina juya kalmar, don ƙasar da ake faɗinta a kai ita kanta ba ta tsaya ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗeja ya daina zuwa da tafiya yadda kakanni suka san shi. Kacalla ta samu ruwan da ba ya janyewa ta toshe hanyoyinsa, ruwa ya karkata ta mashigin Marma ya nufi tafkin Nguru, gonar da aka gada ta zama wurin jefa koma, wata fadamar kuma can gaba ta bushe. Manomi ya koma masunci da girmansa. Ta arewa, wajen Yusufari, tuddan rairayi suna tafiya da ƙafarsu, suna cin gona suna binne rijiya. A daminar 2022 ambaliya ta shiga gidaje a Gashuwa da ƙauyukan Bade. Wannan bai tambayi addinin kowa ba.

Akwai misalin nan da Yesu ya bayar na mutum biyu, mai hikima da ya kafa gidansa a kan dutse da wawan da ya kafa nasa a kan yashi. Malamar makarantar Lahadi a Jos ba ta shan wahalar bayyana shi, sai ta nuna ta taga. A Gashuwa fa? Yaron da ke sauraro, gidansu a kan yashi yake, cocin a kan yashi, fadar sarki ma haka. In yana son ganin dutse na sosai sai an kai shi Machina. Ina ganin wannan yaro ya fi ɗan Jos saurin kama zancen, don tun farko ba zai ruɗe ya ɗauka wani wuri ake nufi ba. Ya san ba fili ake ce masa ya canja ba.

Manya ne suka fi rikicewa a kan wannan, musamman da wuta ta taso. Ranar 4 ga Nuwamba, 2011, aka kai wa Damaturu hari, aka ƙona majami'u a unguwar da ake kira New Jerusalem, aka kashe mutane fiye da 100. A farkon Janairun 2012 kakakin Boko Haram ya ba 'yan Kudu mazauna Arewa wa'adin kwana 3 su tashi. Nguru da Gashuwa ba su ga irin abin da Damaturu da Potiskum da Buni Yadi suka gani ba, amma tsoro ba ya duba taswira. A Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya. Uwa tana Enugu ko Kafanchan, ɗanta yana Gashuwa, babu hanyar jin ko yana da rai sai in wani direba ya zo da saƙo.

Gidaje suka rabu biyu. Aka tura mata da yara Jos, Kaduna, Abuja, ko ƙauye, maigida ya zauna saboda albashi ko shago. Wasu suka sayar da gida a wulaƙance suka tafi gaba ɗaya. Benci ya yi yawa a coci, mutane suka yi kaɗan. Sujadar dare ta koma ta la'asar, aka sa shinge a ƙofa, matasa suna laluben jakar kowa, har ta matar fasto.

A waɗannan shekaru, duk wanda ka samu a waya bayan layi ya dawo, ka ce yaya gari, amsa ɗaya ce: muna nan dai. Gaisuwa ce ta kowa da kowa, Musulmi da Kirista, ba wanda ya ƙirƙire ta don wannan rana. Amma ta ɗauki nauyin da ba ta saba ɗauka ba. Tana nufin ba a kashe mu ba. Tana nufin ba mu tashi ba. A bakin wasu kuma, in ka saurara da kyau, akwai ɗan gori a ciki: mu dai muna nan, ba kamar su wane ba.

Wannan gorin ne ban yarda da shi ba. An yi wa'azozi a lokacin da suka mai da zama ma'aunin bangaskiya, suka mai da tafiya alamar rauni, kamar dai wanda ya ɗauki 'ya'yansa huɗu ya hau motar Kano ya bar Ubangiji ne a tasha. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a da suka ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Da yawan waɗanda suka zauna, in za su faɗi gaskiya, rashin wurin zuwa ne ya zaunar da su, ko fansho da ya rage shekara biyu, ko bashin kaya a shago. Da yawan waɗanda suka tafi kuma, a can ne aka gwada su: magidanci mai gidan kansa ya koma kwana a falon ƙaninsa, matarsa tana cin abincin da ba ita ta dafa ba, yaran da Hausa ce harshensu ana yi musu dariya a garin ubansu. Littafin da masu wa'azin ke riƙe da shi ma bai goyi bayansu ba. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jaririn cikin dare ya gudu Masar. Bulus a cikin kwando aka zurara shi ta bayan ganuwar Dimashƙu. Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda ta faro a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ita kanta sai da ta bar hedikwatarta ta Kwarhi a Oktoban 2014 ta yi zaman hijira a Jos. In ka kira wanda ya tafi ɗin a waya, yana Mararaba ko Bukuru, ka ce yaya kuke, shi ma abin da zai ce ke nan: muna nan dai. Kuma bai yi ƙarya ba.

Ba za a yi wannan zance a tsallake Dapchi ba, don duk mai zuwa Damaturu daga Gashuwa ta nan yake bi. Ranar 19 ga Fabrairu, 2018, aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar sakandaren garin. Bayan wata guda aka dawo da su, ban da waɗanda suka rasu a hannun maharan, ban da Leah Sharibu, wadda ƙawayenta suka ce an riƙe ta ne don ta ƙi barin addininta. Shekararta 14 a lokacin. Sunanta ya shiga wa'azi daga Yobe har Amurka, kuma ya cancanta. Sai dai jikina yakan yi sanyi in na ji babban mutum, a kan bagade mai fanka, yana ɗaga sunan yarinyar nan ya zama bulalar dukan jama'a: ku fa, da ku ne, da kun tsaya? Ba wanda ya san amsar wannan tambaya game da kansa, har mai yin ta. Mahaifiyarta kuwa, duk fitowar da ta yi gaban 'yan jarida, 'yarta take roƙo a dawo mata da ita.

Yawancin sauyin da ke girgiza mutum ba da bindiga yake zuwa ba. Takardar ritaya ce, ko auren 'yar fari, ko sakamakon gwajin asibiti. Gashuwa da kewayenta sun yi suna da ciwon ƙoda, har yau masana suna binciken musabbabinsa. Gidan da ciwon ya shiga, zirga-zirga ce tsakanin Nguru da Damaturu da Kano, a sayar da babur, a sayar da fili, a ci bashi don wankin ƙoda, sau da yawa kuma a ƙarshe a dawo da gawa.

A irin wannan gida na fi ganin abin da kalmar tsayawa take nufi a aikace. Miji ya rasu, matar tana zaune a tabarma a tsakar gida, ta jingina da bango, ba ta kuka kuma ba ta magana. Kafin azahar matan Zumunta sun cika gidan da ɗaurin zanensu iri ɗaya. Ba wanda ya tambaye ta me take so. Wata ta karɓe makullin ɗakin ajiya, wata ta hura wuta, wata ta kwashe yara zuwa gidanta. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Mama, ta yago takarda daga littafin ɗan makaranta ta rubuta sunaye: wance da wance za su kwana yau, wance gobe, wance ita ce da kunun safe har mako ya zagayo. Da yamma a kawo tulu da caki, a yi waƙa ƙasa-ƙasa. Matar ba ta buɗe baki ba. Wata dattijuwa ta matso ta ce mata, "Maman Bitrus, ba sai kin yi ba, mu za mu yi miki." Maƙwabta Musulmi suna shigowa rukuni-rukuni, matan unguwa da kwanon tuwo a hannu, mazan a waje kan benci tare da dattawan coci, kowa da kalma ɗaya: Allah ya ba da haƙuri, sai haƙuri.

Littattafan ƙarfafa zuciya da ake kawowa daga Legas da Amurka sukan nuna natsuwa wani abu ne da mutum ke samu a cikin ransa, shi kaɗai, in ya yi addu'a yadda ya kamata. Ban musa ana samun haka ba. Amma matar nan a wannan mako ba ta da shi, kuma ba ta iya addu'a. In an ce ta tsaya, to ƙafafun wasu ta ara. Takardar nan mai sunaye, da Larabar addu'a da ba a fasawa ko mutum biyar ne suka zo, da jibin Ubangiji da ake ci a kan lokacinsa ko an yi albashi ko ba a yi ba, su ne ke riƙe mutum har hankalinsa ya dawo jikinsa. Wani zai ce wannan ai zumunci ne kawai, ko ƙungiyar adashi ma tana yi. Matan ba za su yi gardama da shi ba, za su dai ce ba don wanda ya tara su ba, me zai haɗa Babura da 'yar Ibo da 'yar Tangale a kan murhu ɗaya?

Bayan kwana biyu dangin mamacin za su iso daga gida, a nan sabuwar magana za ta tashi. A ina za a binne shi? Su dai sun zo da mota, gawa gida za ta. Ita kuwa matar ta san shekarunsa a wannan gari sun ninka waɗanda ya yi a ƙauyen, a nan aka yi wa yaransu baftisma, a nan abokansa suke. In gawa ta tafi, ana sa ran ita ma ta bi, ta zauna a gidan da suka yi shekaru suna aika kuɗin bulo ana ginawa, a garin da ba ta taɓa yin damina guda ba. 'Ya'yanta kuma, da aka haifa a nan, in suka je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma don makaranta ko aiki, can garin kakan za a tura su. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To wanda aka haifa a gari, ya yi furfura a gari, takarda kuma ta ce raɓa ne, me za a kira shi?

Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932, bai ba da amsa guda a kan wannan ba, kuma ina ganin shi ya sa yake da amfani a nan. A ciki akwai Ibrahim da ya ƙare rayuwarsa a alfarwa, bai mallaki komai a ƙasar alkawari ba sai fili da kogon da ya saya don binne Saratu. Akwai Rut da ta bar ƙasarta ta bi surukarta. Akwai kuma wasiƙar da Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, lokacin da wasu annabawa ke ce musu su ɗaure kaya, an kusa komawa. Shi ya ce musu su gina gidaje, su shuka lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki su yi masa addu'a, don lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Dattawan da suka daɗe a Nguru sun fi son wannan sura ta 29. Matasa masu jiran canji sun fi son Ibrahim. Kowa da ayarsa, a benci ɗaya.

Inda wannan saɓani ya fi fitowa fili shi ne taron kwamitin gini. Rufin kwano ya tsufa, yana yoyo ta wajen mawaƙa, gidan fasto kuma ɗaki biyu ne da yara biyar. Wani zai ce a yi faci kawai, wa ya san gobe, kada a zuba kuɗi a abin da wata rana za a bari ko a ƙona. Ba tsoro ne kawai ke magana a bakinsa ba, ya ga abin da ya faru da gidan ƙanwarsa a Damaturu. Wani kuma, wanda ritayarsa ta rage wata shida kuma ya riga ya aika rabin kayansa gida, shi ne zai dage a sayi bulo mai kyau a zurfafa harsashi saboda yashi, ya ce ɗaliban jami'a suna ƙaruwa, wata rana wurin ba zai ishe su ba. A tuna masa cewa ba zai zauna a ciki ba. Ya ce ya sani, shi ma benci da ya zauna a kai shekara da shekaru wani ma'aikacin reluwe ne ya saya, bai ma san sunansa ba.

Irin wannan taro ba ya ƙarewa da ƙuri'a. Ma'aji zai buɗe littafi ya faɗi abin da ke asusu, kowa ya yi shiru, sai a daidaita a kan abin da kuɗin zai iya: a canja kwanon ɓangaren mawaƙa kafin damina, a sayi siminti a fara buga bulo kaɗan-kaɗan, maganar ƙarin ɗaki a bar ta sai bayan bikin godiyar kaka. Sakatare ya rubuta, a sa mutum biyu su je kasuwa ran Litinin su tambayo farashi.